FASFO KO RANTSUWA: TSAKA MAI WUYAR ƳAN HOLAND MAZAUNA ƘETARE



Ko wanda bai taɓa taka matakalar jirgin sama ba a cikinmu, ya san ƙasar Holand ta hanyar kayanta. Atamfar nan da mata ke cewa in ba ita lefe bai cika ba, daga garin Helmond take fitowa. Madarar gwangwanin da mai shayi ke tsiyayawa a kofi da safe, da yawa daga cikinta ta can ce. Masu kai albasar Galmi Abijan kuwa sun san da albasar wace ƙasa suke gogayya a kasuwa. Ƙasa ce ƙarama, faɗinta kusan daidai da na jahar Maraɗi, amma mutum wajen miliyan 18 ne ke zaune cikinta. To, yau kayanta za mu ajiye gefe, mu duba ƴaƴanta da suka bar gida shekara da shekaru, waɗanda rana ɗaya kowannensu kan wayi gari da tambaya guda a gabansa: in sake sabunta fasfon Holand in ci gaba da zaman baƙunci, ko in je in ɗaga hannu in yi rantsuwar zama ɗan ƙasar da na tsufa a cikinta?

Mai karatu zai ce, ina wahalar wannan? Ya riƙe duka biyu mana! Ai nan gizo ke saƙa, domin dokar Holand ta ce taura biyu ba ta taunuwa.

Bari mu fara da yadda aka yi suka watsu a duniya. Bayan yaƙin duniya na biyu, Holand ta fito a ragargaje: gidaje sun yi ƙaranci, gonaki ba su isa ƴaƴan manoma ba, ga mulkin mallakarta na Indunisiya ya suɓuce a 1949. Gomnati da kanta ta shiga ƙarfafa wa mutane gwiwar fita. A jawabinsa na sabuwar shekarar 1950, firaminista Willem Drees ya nuna wa jama'a cewa ya kamata wani sashe nasu ya yi ta maza ya nemi abincinsa a ƙasashe masu faɗi. Har kuɗin jirgin ruwa aka riƙa tallafa wa marasa hali da shi. Cikin shekara ashirin da suka biyo bayan yaƙin, mutum kusan rabin miliyan suka tashi, akasarinsu zuwa Kanada da Ostareliya, saura Amurka da Afirka ta Kudu da Niyu Zilan da Birazil. Har gobe kuma ana fita, sai dai na yanzu aiki ne ko aure ko karatu ke fitar da su. Kowa kuwa ya san yadda zaman waje yake: mutum ya tafi da niyyar shekara biyar, sai ya ɗaga kai ya ga jikansa na rarrafe.

Dokar zama ɗan ƙasa da Holand ke aiki da ita ta fara aiki ranar 1 ga Janairu 1985. Ƙa'idarta ta farko a kan wannan batu a fili take: duk baligin da ya karɓi zama ɗan wata ƙasa da son ransa, nan take ya daina zama ɗan Holand. Ba a kiransa biro, ba a aiko masa da takarda, ba alƙalin da ke zama a kan maganarsa. Ranar da ya yi rantsuwa a can, ranar igiyar ta tsinke a nan, ko da fasfonsa na cikin aljihu da sauran shekara takwas a jikinsa. Da dama ba su sanin abin da ya faru sai ranar da suka kai dosiye neman sabon fasfo, ma'aikaci ya dube su ya ce, ai kai ka daɗe da fita daga cikinmu.

Daga 1 ga Afrilu 2003 aka buɗe ƙofofi uku. Wanda aka haifa a ƙasar da yake son zama ɗanta, kuma yana zaune a cikinta lokacin da ya karɓa, ba ya rasa na Holand. Haka wanda ya yi shekara biyar a jere a ƙasar kafin ya cika shekara 18. Haka kuma wanda ke auren ɗan ƙasar ko ƴar ƙasar. Duk wanda bai shiga ɗaya daga cikin ukun nan ba, sai dai ya zaɓa.

A ce wa da ƙane sun sauka Kanada rana ɗaya, a jirgi ɗaya. Wan ya auri ƴar Kanada, ƙanen ya taho da matarsa daga gida. Bayan shekara talatin, wan yana da damar ya yi rantsuwa ya riƙe fasfo biyu, ba wanda zai ce masa uffan. Ƙanen kuwa, wanda gidansa ma ya fi riƙe harshe da al'adar Holand, tunda shi da matarsa duk ƴan can ne, in ya yi rantsuwa ya fita ke nan, ita ma haka. Wannan na cikin abubuwan da suka fi ƙona wa mazauna ƙetare rai.

To me ke cikin fasfon nan da mutum zai yi shekara arba'in yana zaman baƙo saboda shi? Na farko, ɗan Holand ɗan Tarayyar Turai ne. Yana iya sauka kowace ƙasa cikin 27 na tarayyar ya zauna, ya kama aiki, ya buɗe shago, ba biza ba roƙo. Ɗan da ya haifa a ƙetare shi ma yana gadon wannan dama, ya je jami'a a Turai ya biya kuɗin da ƴan gida ke biya. Na biyu, yana jefa ƙuri'a daga inda yake a zaɓen majalisar dokoki mai kujeru 150 da na majalisar Turai, in ya yi rajista a ma'aikatar magajin garin La Haye. Na uku, shi ne wanda ya fi nauyi a zuciya: ƙofar gida a buɗe take. Ranar da aka bugo waya aka ce tsohuwa ta kwanta ciwo, yana iya zuwa ya zauna jinya wata shida ko shekara. Wanda ya koma ɗan Kanada ko Ostareliya zalla kuwa, matsayinsa na mai yawon buɗe ido ne: kwana 90 cikin kowane kwana 180, daga nan sai ya nemi izini kamar kowane baƙo, a garin da aka yanke masa cibiya.

Akwai wani tsoro da ya kamata a cire daga ma'auni, wanda ma'aikata masu jiran ritaya za su fi kowa fahimta. Wasu na ɗauka in sun bar fasfo sun bar kuɗin tsufansu. Ba haka ba ne. Fanshon gomnati na Holand, wanda aka kafa a 1957 zamanin Drees ɗin nan, da shekarun zama ko aiki a ƙasar ake tara shi, kashi 2 cikin ɗari kowace shekara, cikin shekara 50 da suka gabaci lokacin ritaya. Wanda ya yi shekara 15 cikin waɗannan kafin ya tashi, kashi 30 nasa na nan, ko wane launin fasfo ya riƙe. Wanda bai zauna ba kuwa, ko ya sabunta fasfo sau goma ba ya ƙara masa ko dala.

Yanzu mu ɗora ɗaya gefen a kan sikeli. Mai takardar zama ta dindindin yana biyan haraji kamar kowa, amma a yawancin ƙasashen nan ba ya zaɓen wanda zai kashe kuɗin harajin. Akwai ayyukan gomnati da ba a ba shi. Kuma kalmar dindindin ɗin nan tana da sharuɗɗa a bayanta. A Kanada sai mutum ya kasance cikin ƙasar kwana 730 a kowace shekara biyar. A Amurka wanda ya wuce shekara a waje ba tare da izini ba, ana iya ɗauka ya yi watsi da zamansa. A Ostareliya, tun gyaran dokar 2014, baƙon da aka yanke wa ɗaurin wata 12 ko fiye ana soke masa biza, ko da yana goye aka shigo da shi ƙasar. Wato wanda ya riƙe fasfon gida don ya iya komawa jinyar uwa, in jinyar ta yi tsawo yana iya rasa damar dawowa wurin ƴaƴansa. Gaba kura, baya sayaki.

Shi kansa sabuntawar ba ƙaramin aiki ba ne. Tun 2009 ake ɗaukar zanen yatsu a fasfo, saboda haka dole mutum ya bayyana da ƙafarsa. Cikin shekarun tsimin kuɗi da suka biyo baya, gomnati ta rage ofisoshin da ke karɓar wannan aiki a ƙetare. A ƙasashe masu faɗi irin Kanada da Ostareliya, ofishin da ya fi kusa yana iya zama sai an hau jirgi. Kuɗin fasfon kansa ya haura yuro 100, wato fiye da jika 65 na kuɗinmu, ban da na jirgi da masauki, kuma a lissafa na kowane mutum a gidan. Na manya shekara goma yake yi tun 2014, na yara biyar. Akwai wasu garuruwan kan iyaka da wani biro a filin jirgin Schiphol da ke yi wa mazauna waje fasfo in sun zo gida, amma dattijo ɗan shekara tamanin ba kullum yake iya tafiyar yini guda a sama ba.

Abin lura a nan, wanda fasfon Holand kaɗai gare shi, ko ya bari ya mutu shekara ashirin, yana nan ɗan ƙasa. Tarkon yana gaban masu ƙasa biyu ne, waɗanda suke ganin sun tsallake. Doka ta ce baligi mai ƙasa biyu da ke zaune wajen masarautar Holand da Tarayyar Turai, in ya yi wasu shekaru a jere ba a ba shi sabon fasfo ko katin shaida ko takardar tabbatar da ɗan ƙasa ba, ya rasa matsayinsa kai tsaye. Zaman shekara guda a Holand ko cikin tarayyar shi ma yana mai da agogon farko. Daga 2003 wa'adin shekara 10 ne. Saboda haka ranar 1 ga Afrilu 2013 mutane da yawa suka kwana ƴan Holand suka tashi ba su ba, wasu har da ƴaƴansu ƙanana, tunda yaro kan bi iyayensa a wannan asara. A 2016 mai karɓar koke-koken jama'a na ƙasar ya bincika, ya ce gomnati ba ta wayar da kan mutanenta yadda ya kamata ba.

Magana ta kai har kotun Tarayyar Turai da ke Lukzambur. Ɗaya daga cikin masu ƙarar mace ce haifaffiyar Kanada, mai ƙasa biyu tun ranar haihuwa. An ba ta fasfo a 2003, ta dawo neman sabo a 2014, aka ce ta makara. Ranar 12 ga Maris 2019 kotun ta yanke cewa ƙasa na da ikon kafa irin wannan doka, amma dole a sami hanyar duba halin kowane mutum ɗaya ɗaya, a ga ko asarar ta yi masa nauyin da ya wuce kima, in ta wuce a mayar masa da matsayinsa. Daga 1 ga Afrilu 2022 Holand ta gyara: wa'adin ya koma shekara 13, aka kuma buɗe hanyar neman maidowa. Dalilin ƙarin shekara ukun a fili yake, tunda fasfo shekara goma yake yi, wanda ya jira ya mutu kafin ya nemi sabo ya riga ya faɗa rami. Kuma a riƙe wannan: ranar da aka ba ka takardar ita ake lissafawa, ranar ajiye dosiye ba ta tsayar da agogo.

Fitar Birtaniya daga Tarayyar Turai a 2020 ta ƙara jefa wasu dubbai cikin wannan lissafi. Mutanen da suka yi shekaru a Landan suna zaune kamar a gida, sai ga shi ƙasar ta zama ƙetare, kuma masu ƙasa biyu a cikinsu agogon nan ya fara buga musu.

Adalci ne mu ji ta bakin hukumar Holand. Hujjarta ita ce, zama ɗan ƙasa alaƙa ce ta gaskiya tsakanin mutum da ƙasa, kuma in aka bari ana gadonsa kaka da kakanni ba iyaka, za a wayi gari da miliyoyin masu fasfo da ba su san ko gaisuwa da harshen ƙasar ba. Akwai gaskiya a ciki. Amma akwai kuma siyasar cikin gida. Daga 1992 zuwa 1997 an bar baƙin da suka zama ƴan Holand su riƙe ƙasarsu ta asali, daga baya aka janye. Tun lokacin, duk sanda aka taso da maganar sassauta wa ƴan ƙasa na waje, sai a tuna cewa za a ce a sassauta wa Turkawa da sauran baƙi na ciki, sai magana ta kwanta. Gomnatin haɗin gwiwa ta 2017 ta yi alkawarin sabunta dokar, wa'adinta ya ƙare ba a yi ba. A halin da ake ciki kuwa, ƴan asalin Maroko na riƙe da ƙasa biyu, domin Maroko ba ta sakin ɗanta. Sarauniya Máxima kanta, wadda ta zama ƴar Holand a 2001, tana nan ƴar Ajantina. Maƙwabta kuma sun sauya hanya: Suwidin a 2001, Danmak a 2015, Norwe a 2020, Jamus a 2024, duk sun yarda da ƙasa biyu.

Ra'ayina a nan kashi biyu ne. Game da doka, ban ga hikimar ƙasar da ta ce wa ƴaƴanta ku fita ku nema, sa'an nan ta hukunta wanda ya kafu a inda ya je ba. Mutum yana iya son gidan ubansa ya kuma so gidan da ya gina da hannunsa, ɗaya bai kore ɗaya ba. Kuma matsayin da ake rasawa shiru, ba sanarwa ba sammaci, ya yi kama da a rufe wa ɗan kasuwa shago saboda patanti alhali ba a taɓa gaya masa ranar biya ba. Hausawa sun ce kowa ya bar gida, gida ya bar shi, amma ba su ce gida ya kulle ƙofa ya ɓoye mabuɗi ba.

Game da shi mai zaɓen kuwa, dokar da ke ƙasa da ita zai yi aiki, alkawarin ƴan siyasa ba ya tsallakar da kowa a bakin iyaka. Kuma mafi munin zaɓi shi ne ƙin zaɓa. Yawancin waɗanda suka yi kuka a wannan lamari ba su zauna sun auna ba: wani ya ruga ya yi rantsuwa bai tambaya ba, wani ya jefa fasfo cikin akwati ya manta. Wanda ke tsaye a wannan mararraba ya tambayi kansa da gaskiya, ina zan tsufa, wa zai yi jinyata, ina ƴaƴana za su nemi abinci? In amsar duk tana nuna ƙasar da yake zaune, kuma ba sauran wanda zai koma dominsa, to riƙe fasfo don kewa kawai yana nufin ya mutu baƙo a ƙasar jikokinsa, ba ƙuri'a ba cikakken tsaro. In kuwa akwai iyaye a raye, ko yara ƙanana da Turai za ta amfana, to ya daure da wahalar sabuntawa, ko ya jinkirta rantsuwar har yaran su girma. Ya duba kuma ko yana cikin ƙofofin nan uku, ya samu amsa a rubuce daga ofishin jakadanci kafin ya ɗaga hannu, ya adana takardar aure da ta rantsuwa, don wata rana za a tambaye shi wace ce ta riga wata. Wanda ya riga ya rasa, hanyar dawowa tana nan amma doguwa ce: galibi sai ya koma Holand da takardar zama irin ta baƙo, ya yi aƙalla shekara guda, kafin ya nemi a mayar da shi.

Wani zai ce, mu ina ruwanmu da rikicin Turawa? Akwai ruwanmu. Cikin ƴan uwanmu akwai waɗanda suka zauna Holand har suka sami fasfonta, wasu ta hanyar aure, suna riƙe da na gida kuma, yau sun dawo suna kasuwanci a Yamai ko Tawa. Su sani agogon shekara 13 yana bugawa a nan ma, kuma in ya cika yana iya tafiya da na yaransu. Ita Nijar tun gyaran dokar 2014 ta yarda ɗanta ya riƙe ƙasa biyu, amma yardar Nijar ba ta ɗaure wata ƙasa ba. Kafin ɗanka ko ƙanenka ya yi rantsuwa a ko'ina, ya karanta dokar ɓangarorin biyu. Dattawanmu kuma ba su manta 1969 ba, lokacin da gomnatin Busia a Gana ta ba baƙi marasa takarda mako biyu su fice, aka ga mutanen da aka haifa a zango suna ɗaure kaya zuwa ƙasar da ba su taɓa gani ba. Daɗewa a wuri ba ta zama takarda. In Bature mai ofisoshin jakadanci a duk duniya yana iya kwana ɗan ƙasa ya tashi baƙo, to wanda ya ga gemun ɗan uwansa ya kama wuta, ya san abin da zai yi wa nasa.

Saboda haka yau in an koma gida, a buɗe akwati a duba kwanan watan da ke jikin takardu, na kai da na iyali. Allah ya tsare matafiyanmu, ya sada kowa da iyalinsa lafiya. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.